Taku Na Goma Sha Huɗu

"Sakan tara," in ji Gwaggo Masdalifah, ta ware yatsu tara a saitin fuskar Derliana. "Ni ban iya dararku ba, ban san doki ba ban san giwa ba. Amma na san sakan tara. Ko gishiri zan zuba a miya sai na fi haka tunani."

Derliana ta sunkuyar da kai. Shinkafa da dakakken ganyen rogo sun huce a gabanta, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba.

Jiya da la'asar aka buga wasan ƙarshe na gasar lardi ta dara irin ta Turawa, mai sarki da doki da giwa, a birnin Medan. Wanda ya ci shi zai tafi Jakarta da sunan lardin gaba ɗaya. Mutum biyu suka rage a teburin farko. Ɗaya Halomoan ne, ɗan Gwaggo, ga shi nan zaune jikin bango da jajayen idanu, saukarsa ke nan daga mota. Ɗayan kuwa Zulpan Rangkuti, wanda shekara biyu ke nan ba a kama sunansa a gidan nan sai an haɗa da tsaki.

Zulpan ne ya ci. Ba cin ne ya hana gidan sukuni ba, yadda aka yi cin ne.

Duk garin nan na Sidimpuan babu wanda bai san labarin littafin Maraganti Daulay ba, ko da yake mutum uku kacal suka san abin da ke cikinsa yanzu. Littafi ne mai jan bango, shekara talatin mahaifin Derliana yana tara buɗin wasa a ciki: in abokin karawa ya fara da kaza ka amsa da kaza, taku bayan taku, wani layin har ashirin da biyar. Tun da ciwon suga ya cinye masa ido, Derliana ke karanta masa, ita ke rubutawa, ita ke jera masa 'ya'yan dara a allo yana bin su da yatsa.

A shafi na ɗari da shida akwai tarkon da tsohon ya fi ƙauna. A taku na goma sha huɗu mai fararen 'ya'ya zai ba da giwarsa kyauta. Duk wanda ya ci giwar nan, sarkinsa ba ya ƙara taku goma a raye. Maganin tarkon ɗaya ne tak: mai baƙaƙen 'ya'ya ya ƙi cin giwar, ya mayar da dokinsa baya, can gidan da ya fito. Taku ne da babu mai hankalin da zai ko kalle shi agogon wasa na tafiya. Wata huɗu Derliana ta yi kafin ta gano shi, ta rubuta shi a ƙasan shafin, aka rufe littafi.

Jiya Halomoan ya ba da giwar. Zulpan ya mayar da doki gida cikin sakan tara.

"Mutum uku suka san takun nan," Gwaggo ta ci gaba, tana lanƙwasa yatsu. "Yayana ga shi nan, ko bakin ƙofa ba ya gani. Ɗana shi aka yanka a gaban jama'a. Shi zai yanka kansa? To saura wa?"

"Gwaggo, wallahi ban..."

"Kar ki rantse min! Wacce ta iya fita ganin mutumin da ubanta ya mayar wa kayan gaisuwa, rantsuwa wuya za ta yi mata? Kin ɗauka ba a ganinku? Sidimpuan ce fa, ba Jakarta ba."

Hawaye suka cika wa Derliana ido. Gaskiya ne tana ganinsa. Shekara tara Zulpan ya yi yana koyon dara a ɗakin nan, a kan tabarmar nan, kafin ya tattara ya koma wata ƙungiya a Medan mai na'urori da albashi. Baba ya kira abin cin amana. Da kawun Zulpan ya zo neman aurenta bara, ko zama ba a ce ya yi ba.

"Inna, ki bari haka," in ji Halomoan. Muryarsa a sanyaye take, irin ta wanda ya yafe tun kafin a roƙe shi. "Derli ba za ta yi da gangan ba. Amma namiji in yana son abu ya san ta inda zai bi. Derli, ba kya fita da littafin a jaka wani lokaci? In za ki makaranta?"



Ta ɗago ta dube shi. Bai kalle ta ba, yana ta juya kofin shayi a hannu.

"Ka ji shi ko? An cuce shi kuma yana kare ta," in ji Gwaggo. Ta juya wajen yayanta. "Yaya, ni na gaji. Shekararta ashirin da bakwai, malamar lissafi guda, ba yarinya ba ce. 'Yar kawu ta ɗan gwaggo ce tun kaka da kakanni, mun yi haƙuri mun ce sai ta so. Ga inda son ya kai mu. Ranar Juma'a zan turo dattawa su nema wa Halomoan aurenta. In tana da sauran kunya ta rufe wa gidan nan asiri."

Duk maganar nan Maraganti bai ce uffan ba. Yana kishingiɗe a kujerarsa ta saƙar gora, idanunsa masu hazo suna kallon rufi. Derliana ta san mahaifinta. Mutumin da ya taɓa kifar da allo don an taɓa masa ɗan dara ɗaya ba da izini ba, yau an tona masa aikin shekaru, kuma ko muryarsa bai ɗaga ba. Shirun ya fi faɗan Gwaggo ba ta tsoro.

"Uwata," ya ce daga ƙarshe. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Tambaya ɗaya. Littafin nan ya taɓa zama a hannun Zulpan ba kya wurin?"

Ta juya ta dubi jakarta.

"To," ya ce. "An ce ya iso da motar safe, yana shagon shan kofi na bakin gada ana ta ɗaga masa hannu. Je ki tambaye shi."

"Yaya! Kai da bakinka?" in ji Gwaggo.

"Na ce ta je."

* * *

Duk tsawon hanya a cikin keken haya abu ɗaya take gani.

Mako uku da suka wuce ne. Ruwa ya tsare su ita da Zulpan a rumfar mai sayar da 'ya'yan itacen salak kusa da masallacin kasuwa, la'asar ta yi, ta miƙa masa jakarta, littafin na ciki, ta ce ya riƙe kar ta jiƙe, ta shiga salla. Minti goma ta yi, ko sha biyar. Da ta fito ya miƙo mata jakar yana murmushi. Zif ɗin a rufe yake? Ta rufe ido ta yi ta ƙoƙarin tunawa. Wani zubin ta gan shi a rufe, wani zubin ta gan shi a buɗe da faɗin yatsa biyu.

Kuma waye ya fara cewa su haɗu ranar? Shi ne. Waye ya tambaye ta ko Baba na nan yana aiki a kan tsohon buɗinsa? Shi ne, da dariya, kamar hira.

Shekara biyu na saƙonni da haɗuwa a ɓoye suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sabuwar fuska.

Shagon kofin cike yake, allunan dara shida a jere, hayaƙin taba mai kanumfari ya turnuƙe. An ɗora kofin gasar a kan akwatin gilashin soyayyiyar ayaba. A teburin tsakiya an jera wasan jiya, tsofaffi sun yi cirko-cirko a kai.

"Ni fa da na ga ya mayar da doki gida na ce yaron nan ya tuna bai kulle ƙofa ba ne," in ji wani mai farin gemu, aka kwashe da dariya. Sai ya hango ta. "A'a, ga 'yar Daulay. Malama, zo ki fassara mana, mu kanmu ya ƙulle."

Dariyar ta mutu. Kowa ya san waye ya sha kashi jiya.

Zulpan ya miƙe. Ta zaci za ta tarar da shi yana washe baki, sai ta ga fuskarsa ta faɗa, kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ta wuce ta ƙofar baya zuwa bakin kogi, inda ake wanke kofuna. Ya biyo ta.

"Derli, ba ki kyauta zuwa nan ba. Yanzu za a..."

"Ranar ruwan nan, da na shiga masallaci. Ka buɗe jakata?"



"Wace jaka?"

"Kar ka mayar da ni yarinya, Yaya Zulpan. Jakar da na ba ka amana. Littafin Baba na ciki, ka sani, don ka ji nauyinsa."

"Ban buɗe ba."

"To a ina ka samo dokin? Wata huɗu na yi ina nemansa, ga allo ga shiru ga shayi. Kai ka gano shi cikin sakan tara, mutum ɗari biyu na kallonka? Na san ka iya dara. Ba ka kai nan ba."

"Ke kike tambayata?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ke?"

"Wa zan tambaya?"

Ya dube ta tsawon lokaci, ita ma tana dubansa, kowa na neman ƙarya a idon ɗan'uwansa. Sannan ya zaro waya daga aljihu, ya ɗan latsa, ya miƙa mata.

Shafi na ɗari da shida ne. Hoto garau, rubutun hannunta tun daga sama har ƙasa. Lambar da ta turo ba suna, ba kalma ko ɗaya a ƙarƙashi. Ranar Asabar ta makon jiya, kwana ɗaya kafin 'yan wasa su tashi zuwa Medan.

"Na ɗauka ke ce," ya ce. "Rubutunki ne. Na ce ta ari wayar wata ne don kar a gane a gida. Sau uku na kira ki a makon nan ina so in tambaya, sai in ji kina min addu'a, in ce a raina ba ta so a yi maganar."

Ta zauna a kan bencin wanke-wanke.

"Ni?" ta ce. Hawaye suka ɓalle mata. "Kai a ganinka ni ce zan ɗauki littafin makahon ubana, wanda ya yarda da hannuna fiye da nasa, in turo maka a ɓoye? Haka ka ɗauke ni duk shekarun nan?"

"Na ɗauka don ni kika yi. Don mu."

"Kuma ka ji daɗi."

"Ban ji daɗi ba, wallahi! Derli, ki saurare ni. Sau biyu ina goge hoton nan ina dawo da shi. Ko da ban dawo da shi ba, na riga na gani. Kin san yadda abin yake, taku in ya shiga kai ba ya fita. Yana ba da giwar nan na ga hannuna ya tafi kan doki. Me kike so in yi? In ci giwar da na san guba ce?"

"Kana da buɗi nawa da baƙi?"

Ya mayar da idonsa kan kogi.

"Na tambaye ka. Buɗi nawa kake bugawa in an ba ka baƙi?"

"Uku."

"Uku. Biyu daga ciki ba sa bi ta shafin nan ko kusa. Tun a taku na farko ka zaɓa, Yaya Zulpan, ba a na goma sha huɗu ba. Da ƙafarka ka bi hanyar da ka san akwai abin a kai, taku goma sha uku kana tafe kana sane."

Ya juya ya dafa ƙarfen shinge yana kallon ruwa.

"Na ce in na ci za su ba ni aikin horar da ƙungiya," ya ce da ƙyar. "In dawo wurin mahaifinki da kofi a hannu, ba a matsayin yaron da ya gudu ba. Na gaji da tsayawa a rumfar mai salak kamar ɓarawo. Shekara biyu, Derli. Kullum ina jin ana cewa Halomoan na ɗakinku, Halomoan na cin abinci a gidanku. Na ga ƙofa a buɗe na shiga. Tun jiya ban iya kallon kofin nan ba."

Ta so ta yarda da shi. Amma wata murya a cikinta ta ce: mutumin da ya iya ɗaukar hoto a rumfa, zai iya sayen layi ya tura wa kansa. Ta share ido da bakin mayafi, ta ƙara girman hoton da yatsu biyu, tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba takardar jarrabawa.

A ƙasan shafin, gefen dama, ta tsaya.

Akwai gyara da koren biro a taku na goma sha tara, da kwanan wata a gefe, yadda take yi wa duk sabon abin da ta ƙara. Ranar Juma'ar da ta gabaci tafiya ta rubuta shi, bayan ta dawo daga makaranta. Ranar ruwa babu shi a littafin. Daga Juma'ar nan kuwa littafin bai fita daga ɗakin Baba ba. Ranar Asabar ma wuni aka yi ana bita a kansa, ƙofa a rufe, ita tana kasuwa da Gwaggo.

"Ba daga jakata aka ɗauka ba," ta ce a hankali.

"Na gaya miki."

"Daga cikin gidanmu aka ɗauka." Ta miƙe. "Turo min hoton, da lambar."

"Derli, wa kike zargi?"

"Turo kawai."

Ya tura. Ta juya za ta tafi, ya sha gabanta bai taɓa ta ba.

"Ni fa? Me zan yi?"

"Ba ka buɗe jakata ba, na yarda, ka yafe min wannan," ta ce. "Amma ka ci da abin sata. Ba ni zan gaya maka abin da ake yi da shi ba."

* * *

La'asar sakaliya ta dawo. Suna nan yadda ta bar su, sai dai Gwaggo ta baje takarda tana rubuta sunayen dattawan da za a kira. Halomoan ya yi wanka ya canza riga.

Derliana ba ta zauna ba, ta tsaya a gaban Halomoan.

"Yaya Moan, ranar Asabar da kuka wuni a ɗakin Baba, wa ya riƙe littafin?"

"Ni mana. Wa zai karanta wa Kawu in ba kya nan?"

"Bayan kai wani ya shiga?"

"Meye haka kuma?" in ji Gwaggo. "An aike ki ki tambayi ɓarawo, kin dawo kina tuhumar wanda aka yi wa sata?"

Derliana ta miƙa mata wayarta. "Ga shafin, Gwaggo. Ranar Asabar aka tura wa Zulpan. Kin ga koren rubutun nan? Juma'a na yi shi. Ranar Asabar ɗin ni ina kasuwa tare da ke, littafi yana hannun ɗanki."

"Kin haukace? Ya ba abokin gabarsa wuƙar da za a yanka shi? Don me?"

"Don abin da kike rubutawa a takardar nan."

Halomoan ya ajiye kofin da ke hannunsa. Bai yi fushi ba, wannan ne ya ƙara tabbatar mata. Wani guntun murmushi ma ta gani a gefen bakinsa.

"Kina da shaida, Derli, ko lissafi ne irin na makaranta?"

"Ga lambar nan. Bari mu ji inda za ta yi ƙara."

Ta karɓi wayar ta danna lambar. Idonta na kan aljihun rigarsa.

Sai ga ƙara, siririya, a toshe. Ba daga aljihun Halomoan ba. Ba daga jakarsa da ke bakin ƙofa ba.

Daga ƙarƙashin matashin kujerar gora take fitowa.

Maraganti Daulay ya kai hannu a hankali ya zaro wata ƙaramar baƙar waya. Ya riƙe ta a tafinsa tana ta kuka, bai san inda ake kashewa ba. Derliana ce ta katse kiran.

"Kwana takwas ina kwana da ita," ya ce. "Da lalube nake sa ta a caji. Yau ta fara ƙara."

"Baba..."

"Ni na sa Moan ya ɗauki hoton. Ni na ce ya tura."

"Innalillahi," in ji Gwaggo. Biron ya faɗi daga hannunta.

"Shekara biyu kina ramewa a gabana, uwata. Ba na gani, amma ina jin yadda kike ajiye faranti. Na ce to, wataƙila ni ne na yi wa yaron nan mugun zato. Bari in sa masa abu a hanya in gani. Da ya kira lambar nan ya ce waye, ba na so, ku ɗauke kayanku. Ko ya zo nan ya ce Malam an turo min shafinka. Ko bai yi ko ɗaya ba, ya canza buɗi kawai. Wallahi da ya yi ɗaya cikin ukun nan, da kaina zan aika a kira kawunsa." "Shekara tara na koyar da shi. Kin ɗauka ba so nake ya kira ba?"

"Ya ɗauka ni na tura, Baba."

"Wannan ya fi muni. Ya yarda 'yata ɓarauniya ce, kuma ya karɓa daga hannunta ya ci."

Gwaggo ta juya kan ɗanta, ta finciki hannun rigarsa. "Kai kuma ka sani? Ka san yana da maganin, ka je ka ba da giwar? Jakarta fa, Moan! Na gaya wa duk unguwa!"

"Kawu ya tambaye ni, Inna. Ya ce in yaron ya buga takun zan rasa kofi, amma maganarsa da Derli ta ƙare. Ya ce in zaɓa." Ya ɗago ya dubi Derliana, karon farko tun safe. "Gasa tana dawowa baɗi. Na zaɓe ki, Derli. Shi ya zaɓi kofi. Ki auna da kanki."

"Shi ya sa da safe ka tuna min da jaka," ta ce. "Kana sane ba daga jaka aka ɗauka ba."

Ya kawar da kai.

Ta durƙusa a gaban kujerar mahaifinta. Kukan da ta yi a bakin kogi daban, wannan ba shi da sauti, hawaye ne kawai ke bin haɓarta suna ɗiga a kan zaninsa.

"Na ji ka gwada shi, Baba, kuma ya faɗi. Ban ce bai faɗi ba, na gaya masa a idonsa. Amma ni fa? Da safen nan kana zaune a kujerar nan Gwaggo ta kira ni maciya amana. Kana ji. Wayar tana ƙarƙashin kanka. Ka bar ni na fita ina zargin kaina, ina zargin jakata, na je cikin maza na tsaya ana kallona. Ni me na yi da za a gwada ni?"

"Na so ki ji daga bakinsa."

"Kuma takun da kuka yi tarko da shi, na waye? Wata huɗu ina dawowa daga makaranta in zauna a kansa har bayana ya ƙage. Ranar da na gano shi ka rungume ni ka ce ko kai ba ka gani ba. An ɗauke shi an ba wancan, wannan ya sayar da wasansa a kai, an gama ciniki har da ranar Juma'a. Cikinku ukun nan babu wanda ya ce bari a tambayi Derli."

Tsohon ya miƙa hannu yana laluben kanta. Ta ja baya kaɗan, hannun ya tsaya a iska.

"Uwata..."

Aka yi sallama a ƙofar gida.

Duk suka san muryar. Gwaggo ta leƙa ta tsakanin katakon taga, ta dawo da baya da sauri.

"Shi ne. Yana rungume da wani abu a naɗe cikin jarida. Kofin ne, ga kunnensa nan a waje."

Halomoan ya miƙe tsaye. "Kawu, mun yi magana. Ka ce in ya buga takun, an gama."

Maraganti ya damƙe 'yar wayar a hannunsa. Fuskarsa ta koma irin wadda yake yi a gaban allo.

"Ku zauna," ya ce. "Uwata, buɗe masa. Amma kar wanda ya gaya masa daga inda hoton ya fito. Ina so in ji abin da zai faɗa yana ganin ban san komai ba."

Aka sake sallama.

Derliana ta miƙe. Ta goge fuskarta tas, ta gyara mayafi, ta taka zuwa ƙofa. Ta zare sakata ta buɗe ƙyauren duka biyu, har suka bugi bango. Zulpan na tsaye a kan matakala babu takalmi, ya cire su tun daga ƙasa kamar yadda yake yi yana ɗalibi.

"Derli, na zo in ga Malam. Na zo in gaya masa..."

"Za ka gaya masa," ta ce, da muryar da duk ɗakin ya ji. "Shigo ka zauna. Yau kowa zai faɗi abin da ya yi da bakinsa, kowa na ji."

Ta juya ta dubi kujerar gora.

"Baba ne zai fara."